Ƙudan Zuma a Kan Hanci

A wani ƙauye can da, akwai wata tsohuwa mai tara yara a gindin tsamiya. Takan sa su miƙa hannuwa sama, su tsaya da ƙafa ɗaya kamar shamuwa, ta ce, "Ku ja numfashi kamar kuna shaƙar ƙamshin kunu. Ku sake shi a hankali kamar kuna hura kunun ya huce."

Kowa ya iya, ban da wata yarinya mai rawar kai. Kullum sai ta faɗi, ta ce, "Kaka, ni kunun nan ya ishe ni!"

Ran nan suna tsaye, sai ƙudan zuma ya sauka a kan hancinta. Ta ɗaga hannu za ta kai masa mari.

Tsohuwa ta ce, "Jikalle, kina taɓa shi zai harbe ki. Shaƙi kunu. Hura kunu."

Ta shaƙa, ta hura. Ta shaƙa, ta hura. Ƙudan zuma ya goge ƙafafunsa, ya tashi abinsa.

Yara suka fashe da dariya, suna cewa, "Ku duba, har yanzu da ƙafa ɗaya take tsaye!"

Yarinya ta dubi ƙafarta, ta ce, "Kaka, a ƙaro kunu!"