Allurar Malam Talle

Ranar da Ousmane ya fara ganin Delou, faɗa ya sha.

"Kai ne mai gyaran? Tun hantsi muke jira!"

Shagon surfani ne na babanta, Malam Talle, a unguwar Al-Oud, can ƙasar Larabawa. Ita ke zana furanni, uban ya ɗinka. Kwamfutar da ke tuƙa keken surfanin ce ta mutu, tsohuwa, irin kwaikwayon IBM, ta girmi Delou. Ousmane ya kalli idon yarinya, ya manta abin da ya kawo shi. Kafin mako biyu, "Delouna" yake ce mata a waya.

Mukhtari, ɗan wani ma'aikacin ofishin jakadanci, shi ma yana cikin masu son Delou. Ya kawo kwamfuta sabuwa dal. Aka juya ta gaba da baya, babu ramin da katin da ke haɗa ta da keken zai shiga. Ta koma kwalinta.

Ousmane ya tono wata tsohuwa a haraj, kasuwar gwanjo. Ita ma kwaikwayo ce, amma ta fi marigayiyar gudu, kuma don burgewa ya zaɓe ta. Ta karɓi kati, ta karanta faifai. Aka ɗora abayar bikin ɗiyar kafil, Balaraben da shagon ke hannunsa. Allura ta haukace, ta yi mata kaca-kaca.

"Fita!" Malam Talle ya daka tsawa. "Shekara ashirin ban ɓata wa mutumin nan kaya ba! Ko layinmu kada ka sake bi!"

Sai saƙon Delou: "Wa ya ce ka ƙara mana gudu? Kafil ya ce ko abaya ranar Alhamis, ko Baba ya bar shagon. Kada ka ƙara ce mini Delouna."

"Laifina ne. Roƙa mini minti biyar."

"Biyu. Don shago, ba don kai ba."

Ya zo kansa a ƙasa. "Baba, manhajar nan da takun tsohuwar take auna lokaci. Da na ba ta mai gudu, sai ta ruɗe." Ya danna wani maɓalli a gaban akwatin kwamfutar, mai rage mata sauri.

"In ta sake yaga, wallahi bakinka zan ɗinke," in ji Delou.

Allura ta sauka, tak, tak, tak. Fure ya fito. Sabuwar abaya ta tafi tun Laraba.

Wata huɗu tsohon ya yi yana hura hanci kafin ya sauko. A unguwar Malaz aka ɗaura aure. Bayan fatiha ya jawo ango gefe.

"Na ba ka ita, Allah ya yi muku albarka. Amma ka sani, ita ba ta da maɓalli."