Wata Huɗu Mairo Tana Ɗaure

"Ka sawwaƙe mata, Halliru! Wallahi na gaji!" Inno ta ce da ɗanta, tana nuna ɗakin da aka ɗaure matarsa Mairo da igiya a ƙafa. Tun da Mairo ta haihu kanta ya juye, sai surutai da kuka, ko jinjirin ba ta ganewa.

"Haba Inno, da tana lafiya ita ke miki daka. Yanzu ne zan yar da ita?"

Sau biyu yana ɗauko ta daga Roni a akori-kura zuwa asibitin masu taɓin hankali a birni. Sau biyu wata nas tana ce masa babu gado, yana tsaye masu marsandi na shigewa da nasu. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, kuɗi ko'ina, amma manomin gyaɗa irin Halliru sai da takardar babban mutum!

Babban mutum kuwa akwai shi: Alhaji Daudu, wan baban Mairo, magatakarda a Kazaure. To amma suruki ne, Halliru ko idonsa bai taɓa kallo ba, sai dai aike. Sau uku yana tura kawunsa Hamma, shi kuwa gogan kunya ta hana shi faɗin abin, sai ya ce, "Yarinya dai ba ta jin daɗi." Alhaji ya aiko da maganin zazzaɓi da gwangwanin madara. Kai, wannan kunya tamu da ban haushi take!

Ranar da Mairo ta kwance igiyar ta nufi rijiya, da ƙyar aka tare ta, Halliru ya hau keke sai Kazaure. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ofis, ya durƙusa, ya ɗaga kai.

"Ranka ya daɗe, 'yarka ta haukace. Wata huɗu tana ɗaure."

"Kai! Ni kake tsare wa da ido — me ka ce? Wata huɗu?" Alhaji ya miƙe zumbur. "Mairo tawa a igiya, ni ina aika madara?"

Layi biyu ya rubuta, ya haɗa Halliru da direbansa su ɗauki Mairo zuwa asibitin. Washegari kafin azahar gado ya samu, har da "sannu da hanya, yallaɓai."

Bayan wata uku Mairo ta dawo, ta karɓi ɗanta daga bayan Inno, tsohuwar tana kuka tana neman gafara.

Haƙuri ya biya Halliru. Amma kunyar da ke barin mutum a ɗaure ba tarbiyya ba ce. Waɗanda ba su da kowa a ofis kuwa, ranar sallamar Mairo ma suna nan zube a bakin get ɗin asibitin.