Sifikar Vandi

"Ka kashe ni, Vandi! Wallahi ka kashe ni!"

Salomi ce tsaye a ƙofar ɗakinsa a Kolere, ɗankwali a hannu, tana huci. Gogan naka kuwa yana durƙushe cikin wayoyi, hedifon rataye a wuya.

"Salomina, gwaji kawai na yi..."

"Gwaji? Unguwa gaba ɗaya ya watse!"

Shekara biyu Vandi ya yi yana tara kayan DJ ɗaya bayan ɗaya, har Salomi ta haddace su fiye da kayan ɗakinta. Laftof mai tsagaggen gilashi, miksa, amfilifaya, makirufo, ƙananan sifika biyu, da janareta mai yawan tari. Abin da ya rage kawai babbar sifikar nan mai gurnani da ake girkewa a ƙasa. Mahaifinta, Baba John, ya ce ranar da yaron ya kammala kayan sana'arsa, ya turo manyansa. Jiya sifikar ta iso. Yau Lahadi, bayan an taso coci, ɗoki ya sa Vandi ya fito da ita waje ya ƙure murya.

A Mubin 2014 fa! Garin da ko taya ce ta fashe sai mata sun suri goyo.

Dum! Dum! Ƙasa ta girgiza, kowa ya ɗauka mutanen daji ne, masu bindiga, suka shigo. Baba John yana wanka. Da tawul ya fito a guje, gwiwarsa mai ciwo ta ci amanarsa, ya faɗa kwata a gaban samarin layi. Da gaskiya ta bayyana, dariyar da aka yi masa ta fi faɗuwar ciwo.

"Bari na je na roƙe shi, rabin raina," in ji Vandi.

"Kar ka soma! Ya ce kar ƙafanka ya sake taka gidansa."

"Ke ma haka kika ce?"

Ta kawar da kai, hawaye na zuba. "Ni ina sonka... amma babana ne, Vandi."

Kwana biyu Baba John bai leƙa waje ba. Dattijon coci, mutumin da ake kai wa ƙara, shi ne yara ke kwaikwayon gudunsa! A gaban Salomi da mahaifiyarta Mama Roda ya rantse, ko sama za ta faɗo ba zai ƙara gudu don wata ƙara ba.

Ranar Laraba da hantsi aka ji dum daga nesa. Aka sake ji, kusa. Sai harbi ya biyo baya.

Salomi ta shigo a guje, ta tarar da mahaifinta a kujerarsa ƙarƙashin mangwaro.

"Baba, ka tashi! Sun shigo!"

"Sifikan saurayinki ne."

"Baba, ba shi ba ne! Ka ji harbi fa!"

"Yaran yanzu har ƙaran bindiga suna sawa cikin waƙa. Sau ɗaya ake mai da ni mahaukaci."

Mama Roda ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka, ya janye. Ya ce su je su yi ta gudu, idan sun gaji abinci na jiransu.

Dabara ɗaya ce ta zo wa Salomi. Idan Baba ya ga Vandi tsaye a gabansa, hannu wayam, ga ƙarar kuma tana tashi, ai dole ya yarda. Ta tura mahaifiyarta cikin ayarin maƙwabta, ta zura da gudu.

A hanya suka yi kiciɓis da Vandi, shi ma gidansu ya nufa, ko takalmi babu.

"Vandi, zo Baba ya gan ka! Ya ce kai ne!"

Suka juya tare. Saura layi biyu su isa, wata mota ta tare bakin hanya, aka buɗe wuta. Jama'a suka yo baya kamar ambaliya. Salomi tana fizge-fizge tana kiran Baba, Vandi ya saɓa ta a kafaɗa ya bi mutane. Da ƙafa suka kai garin Maiha.

Sai bayan wata biyu suka dawo. Wani maƙwabci da ya ɓuya a silin ne ya binne Baba John a bayan gida. Ya ce a kan kujerar ya same shi.

Da yamma Vandi ya zo, ya rame ƙwarai, ya durƙusa nesa da Salomi a tsakar gida.

"Ɗakina ba a taɓa ba, Salomi. Komai yana nan, har makirufo." Ya sunkuyar da kai. "Ki ce na ƙona su, yanzu zan ƙona."

"Me zai dawo?"

"To ki ce na yi wani abu... don Allah."

"Ka cece ni, na sani. Ba kai ka harbe shi ba, wannan ma na sani." Ta share ido da bakin zani. "Mama ta ce ta yafe maka. Ta ce in ina so, ka turo manyanka."

Ya ɗago da sauri. "Salomina..."

Tana son sa. Ko a lokacin, da ta ga ƙashin wuyansa a waje, sai da zuciyarta ta ce ta tashi ta zuba masa abinci. Ta danne, ta riƙe gwiwoyinta.

"Ba zan iya ba, Vandi. Maganan ƙarshe da babana ya yi mini a duniya, a kanka ne, kuma cikin fushi. In na aure ka, kullum da safe zan ji shi."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya je ƙofar ɗakin Mama Roda ya yi mata sallama, ya fita.

Salomi ta cusa zani a baki don kada ya ji kukanta ya dawo.