Tafinta a Neman Aurenta

Ƙamshin citta ya cika tsakar gidan Baba Ezekiyel a Fadan Kagoma. Mama na tsaga ta za a shanya, autarta Afiniki kuwa ta baje littattafai a tabarma tana gunaguni da Turanci.

"Ke da wa kike faɗa?" in ji Mama.

"Aikin makaranta ne, Mama, nahawu da salon Turanci. Lakcara ya ce magana ɗaya mu rubuta ta yadda alƙali zai faɗa, da yadda mai tumatir za ta faɗa. Wai mai fassara ba kalma kaɗai yake ɗauka ba, har da zafinta da sanyinta."

"To, rubuta yadda Babanki yake cewa a'a!"

Mama ta yi dariya, Afiniki ta sunkuyar da kai. Tun tana ajin farko a jami'a suke son juna da Raphael, mai haɗa wutar sola a Kafanchan, jikan wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya zo daga kudu maso gabas. Shi ke riƙe mata littafi yana yi mata tambayoyin jarrabawa, in ta ci ya saya mata gasasshiyar masara, in ta faɗi ma ya saya. Amma Baba ya kafe, ba zai ba da 'yarsa ga mutanen da bai san hanyar garinsu ba. Ƙawaye sun sha cewa, "Ku je ku ɗaura aure a rajista kawai, beb!" Ita dai sai ta girgiza kai ta ci gaba da addu'a.

Ranar Asabar Raphael ya zo da kakarsa Mama Florence, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ba a neman aure a danginsu sai da bakinta. Daga gabas ta taso, Hausa kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta ji. Raphael ya rusuna ya ce zai yi tafinta.

"A'a, yaro," in ji Baba. "Mai neman aure zuma zai shafa wa magana. Afiniki! Zo nan. Citta na noma kika je jami'a, yau zan ga abin da kika koyo."

Ta durƙusa tsakanin tsofaffin biyu.

"Gaya mata 'yata ba buhun citta ba ce da za a loda a tirela a yi kudu da ita. Su mutanen kasuwa ne, yau suna nan, gobe sun naɗe tabarma."

Daga bakin ƙofa Mama ta ƙifta mata ido, wato ta sassauta. Abu ne mai sauƙi, Baba ba ya jin Turanci, Raphael kuma ba zai tona ta ba. Amma mahaifinta ne ya ba ta amanar bakinsa. Hawaye na zuba, ta juye maganar da Turanci yadda take, da tirelar, da tabarmar, da zafin duka.

Raphael ya runtse ido. Mama Florence ta cire tabarau a hankali, ta yi ruwan Turanci, sannan ta nuna Afiniki da yatsa: faɗa masa.

Wannan ya fi na farko wuya.

"Baba... ta ce ita ma 'yarta guda ta bayar aka kawo Kafanchan a jirgi, ta yi kuka, ba ta mutu ba. Ta ce jikanta a nan aka yanke masa cibiya, ina zai naɗe tabarma ya je? Kuma ta ce..."

"Ƙarasa!"

"Ta ce kai tsoho ne mai taurin kai kamar akuyar da ta ga gonar rogo."

Har wuƙar citta ta faɗi daga hannun Mama.

"Haka ta ce? Ba ki ƙara ba?"

"Ban ƙara ba, Baba."

"Nawa fa, kin rage?"

"Ko gishiri ban rage ba."

Baba ya dubi tsohuwar, ita ma ta zuba masa ido ba ƙiftawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Akuya! Tun rasuwar uwata ba wanda ya faɗa mini haka! Gaya mata ita kuma barkono ce, ƙarami mai hana barci!"

Mama Florence na ji ta tafa hannu tana ƙyaƙyatawa. Suka yi ta jifan juna, Afiniki na kai wa tana kawowa har muryarta ta dushe.

Can Baba ya share ido ya yi ƙasa da murya. "Na ɗauka Turancin nan zai raba ni da ke. Amma yarinyar da ta ɗauki maganar da za ta iya kashe aurenta ta kai ba ta ɓoye ba, ko ina aka kai ta tawa ce. Sharaɗi ɗaya: sai ta gama digiri."

Da ta fassara, tsohuwa ta ɗaga sandarta ta ce in Afiniki ta bar karatu, Raphael za ta fara zanewa.

"Yes, Kaka! Na ji, Baba!" in ji Raphael, baki har kunne.

"To, gaya mata na ba su," in ji Baba.

Afiniki ta buɗe baki, Turancin da Hausar duk suka gudu. Ta rufe fuska da gyale tana dariya tana kuka. Guɗar Mama ce ta isar da saƙon, Mama Florence ta miƙe ta rungume ta.

'Yan'uwana mata, da ta bi shawarar ƙawaye, ko ta lanƙwasa harshe don son zuciyarta, da ta sami miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri, ta riƙe gaskiya a ranar da gaskiya ta fi ɗaci, Ubangiji kuwa ya bar mata su duka biyun.