Wayar da Mamuda Ya Ciza

Ku matso kusa. Bilki, rage ƙarar rediyon nan. Labarin Mamuda Rewaya zan ba ku, wanda ke gyaran wutar mota a garejin bayan tashar manyan motoci. Kun san shi, mai rufe idonsa na hagu da tafin hannu in magariba ta yi. To, ba ciwo yake yi ba.

Shekara talatin Mamuda yana kwance a ƙarƙashin sitiyarin mutane. Bayansa ya sanƙare, gwiwa ta fara ƙara. Abu ɗaya ya rage masa mai kyau, idonsa. Da shi yake bambance jar waya da baƙa, da shi yake ciyar da mutum bakwai. Shi da kansa yakan ce ranar da idon nan ya tafi, tukunyar gidansa ta kife.

A 'yan shekarun nan aikin kirki ya ja baya. Samari ba sa son komai sai fitilun ado, siraran nan kamar igiya da ake zagaye ƙofofin iskar esi da su, mota ta yi ta walƙiya kamar gidan biki. Mamuda ya tsani aikin, amma yana yi. Kuma aiki ne na yamma, domin da rana ba a ganin kyan hasken.

Yana da hali guda. Ba ya feɗe waya da filaya, da haƙori yake yi. Maigidansa, marigayi Malam Ilu, ya sha dukan ƙeyarsa a kan haka. Yakan ce, "Wayar da ba ka san inda ta fito ba, kada ka sa mata yawunka." Mamuda ya ɗauka tsoron wuta ne irin na tsofaffi.

Wata Laraba, tun safe bai zauna ba. An kira magariba, garejin ya watse, kowa ya nufi masallaci. Shi ma ya ɗauki buta. Yana juyowa sai ga mota baƙa, tsohuwar yayi, tsaye a bakin rumfarsa. Bai ji shigowarta ba.

Wani dattijo ne a mazaunin direba, cikin farar riga. Bai fito ba.

"Sannu da aiki, mai wuta."

"Yauwa, Alhaji. An tashi. Sai gobe."

"Ƙofar iska huɗu ce kawai. Ga fitilun na zo da su."

Ya miƙo ƙunshin takarda. Mamuda ya dubi masallaci, ya dubi ƙunshin. Gajiya ta hana shi ko musu. Ya ce a ransa, minti goma ne, zai samu jam'i na biyu. Ya ajiye butar.

Ya buɗe bonet ya cire kan batir, kamar yadda yake yi kafin ya taɓa kowace waya. Batirin duk ya yi tsatsa. Ya shiga ta ɗaya ƙofar.

"Alhaji, da ka ɗan fito in samu wuri."

"Yi aikinka."

Cikin motar sanyi, ga warin rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya sa sukudireba ya ɓalle murfin ƙofar iska ta farko. Ya zagaya fitilar, ya zura wayar ta bayan dashbod. Filayarsa na aljihun baya, yana zaune a kanta. Ɗagawa ma aiki ne. Sai ya kai wayar baki ya ciza.

Sanyi ya ratsa haƙorinsa har cikin kai.

Ya murɗa wayar da ta motar, ya naɗe da baƙin tef, ya tura ta can ciki, ya mayar da murfi. Fitilar ta kama. Shuɗi, mai kyau, bai taɓa ganin irinsa ba. Har ya ɗan ji daɗi.

Sai idonsa na hagu ya yi hazo. Ya murza. Hazon ya ƙaru. Ya ce yunwa ce.

"Saura uku," in ji dattijon.

Mamuda ya ciji waya ta biyu. Wannan sai ta bi ta ƙarƙashin sitiyari, don haka ya kwanta a kan kujera, ya zura kansa wajen birki, wayar na hannunsa da danshin yawunsa. A nan ya ga ƙafafun dattijon.

Diddige ne a kan birki. Yatsun suna kallon kujera.

Bai motsa ba. A kwancen nan kuma ya tuna abin da ya fi ƙafafun muni. Kan batir a cire yake. Da hannunsa ya cire shi.

"Alhaji," ya ce, "wutar nan daga ina take sha?"

"Kai ka ba mu. Da bakinka."

Maganar ba daga sama ta zo ba, inda bakin mutum yake. Daga cikin dashbod ta fito, dab da kunnensa.

Ya ɗago kai a hankali ya dubi ƙofar iskar da ya haska. A bayan 'yan sandunan robar, wasu ƙananan fuskoki sun cunkushe, suna ture juna, kowa na son ya kai ga hasken. Ya rufe idon dama don ya gwada na hagu. Duhu ƙirin. Fitila ɗaya ta cinye ido ɗaya, ga kuma ta biyu a hannunsa.

"Iyalina sun gaji da duhu," in ji muryar. "Haɗa."

"Tef ya ƙare," in ji Mamuda.

Wani hannu ya sauko da sabon tef. Yatsun dogaye ne, ba farce.

"Haɗa, mai wuta. Kai ma ka gaji. In ka gama sai ka huta."

Wallahi, ya ce mini, abin da ya fi ba shi tsoro shi ne maganar ta yi masa daɗi. Shekara talatin ba wanda ya taɓa ce masa ya huta. Hannunsa har ya fara kai wayar. Sai ya tuna 'yarsa Karime, da ke jiransa kullum ya duba mata allonta. Da wane idon?

"To, Alhaji. Bari in gyara kwanciya."

Ya mirgina kamar mai neman wuri, ya zaro filayar daga aljihu. Ya yi bisimilla a fili. Ya datse kan wayar, daidai inda haƙorinsa ya taɓa, ya damƙe guntun a tafinsa. Ya wuntsila ta ƙofa ya faɗi a ƙasa.

Wani kuka ya tashi a cikin motar, siriri, na bakuna da yawa. Waya ta farko kuwa tana can bayan dashbod, hannu ba ya kai mata. Ya rarrafa, ya tashi, ya ruga. Ko da mutane suka fito daga masallaci, ba mota, ba sawun taya. Sai kan batir guda a ƙasa, mai tsatsa.

An kai shi asibiti. Likita ya haska, ya ce idon lafiyarsa lau. Malamai sun yi nasu. Na dama ya tsira, da shi yake aiki har yau, a hankali, kuma da filaya.

Na hagun ne bai dawo ba, kuma bai mutu ba. Da rana duhu yake gani. Magariba na yi sai ya buɗe, amma ba a nan ba. Cikin motar yake gani: kujeru, farar riga, hanya tana wucewa ta gilashi. Ko ya runtse, ko ya danne da hannu, yana gani har asuba. Shekara huɗu ke nan idon bai yi barci ba. Shi ya sa kuka gan shi ya rame haka. Ni tausayi yake ba ni.

Na tambaye shi ran nan, "Baba Mamuda, me suke nema har yanzu?"

Ya ce, "Ƙofa uku ba wuta."

Sannan ya ce da can garuruwan da yake gani bai san su ba. Amma makon jiya ya gane wani wuri. Famfon nan na kwanar layinmu.

Don haka ba na son in sake jin an ce wani ya bi hanyar bayan gareji shi kaɗai da magariba. In mota ta tsaya ba ku ji ƙararta ba, kada ku amsa sallama.

Kai, Nafi'u. Cire wayar cajar nan daga bakinka.