Ɗakin Ƙarshe Bayan Asibiti

Da magariba abin ya fara. Tela yana alwala a tsakar gida, matarsa na kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Aka leƙa bayan katanga, ba kowa. Daga ɗakin 'yarsu, wadda ta dawo gida jego ba jariri a hannu, wata murya mai kauri ta tashi tana rarrashin yaro.

Haka aka yi ta fama kullum rana ta faɗi. Tela ya ce wa maƙwabta zazzaɓi ne. Da abin ya ci tura, ya shigo da malam ta lungu.

Malam ya yi ta karatu har 'yar ta miƙe zaune, idanu a kafe.

"Me kake nema a jikinta?"

"A buɗe na samu gidan," in ji muryar. "Ranar da aka binne jaririn ta soma kuka, ubanta ya ce ta yi shiru kada a ce ba ta da tawakkali. Ta haɗiye. Nan na zauna. A bar ni in kai damina."

"Yanzu za ka fita."

"To a bar ta ta yi kukanta."

Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malam ya ce an yarda. Ta yi atishawa, ta sulale.

A zaure malam ya ce, "Wannan ya tafi. Amma ciwon da ya buɗe masa ƙofa ba aikina ba ne. Ka nemi likitan da ke sauraron damuwar mutane."

"Na mahaukata, Malam?"

"Na masu baƙin ciki."

Wannan ya fi aljanin yi wa Tela nauyi. Sai da aka kwana biyu ya tambayi mai kemis, murya ƙasa-ƙasa, wai 'yar abokinsa ce.

"Akwai wata, tana zama ranar kasuwa, ɗakin ƙarshe bayan asibiti," in ji mai kemis. "Allah ya ba 'yar abokin naka lafiya."

Suka je. 'Yar ta shiga, shi ya zauna kan benci, ya ja hula har goshi kada a gane shi. An daɗe kafin ƙofa ta buɗe, likitar ta leƙo.

"Baba, tana so ka shigo. Ta ce ai kai ma jikanka ne, kuma ba ta ga ka yi kuka ba."

Tela ya dubi mutanen da ke wucewa. Ya gyara hularsa, ya tashi ya shiga.