Giɓin Taswirar Salanieta

Rana na shirin faɗuwa Peniasi ya kwance ƙaramin jirgin awo daga gaɓar ƙauyensu, a wani tsibirin Fiji, zuciyarsa na tafarfasa. Shi ya koya wa Salanieta, taubashiyarsa, aikin na'urar nan mai watsa ƙara cikin teku tana sauraron amsa-kuwwa, ta zana taswirar ƙasan ruwa. Yau ga shi ita aka ba shugabancin aikin. Ita! Yarinyar da ta zo ko igiya ba ta iya ɗaurewa. Hassada ce ke cin sa, kuma ya sani.

To amma ya gano lagonta. Taswirarta na da giɓi a mashigar duwatsun murjani, inda dattawa suka ce hanyar matattu ce, ba a yi musu hayaniya. Da sun iso wurin sai ta kashe na'ura. In ya cike giɓin ya kai wa manyan ofis, kujera ta zama tasa.

"Ɗana, ko saiwar yangona, goron gaisuwarmu, ba ka kai wa dattawa ka nemi izini ba," in ji Kawu Waisake, matuƙin jirgin.

"Haba Kawu, ja mu je. Kifi ne kawai a wurin."

Suna shiga mashigar iska ta ɗauke. Warin man inji ya ɓace, sai ƙamshin man kwakwa, irin na gidan makoki. Peniasi ya kunna na'ura, ya sa ta ajiye ɗanyen fayil, wanda ke riƙe duk abin da ta ji daga saman ruwa har ƙasa.

Allo ya nuna yashi, shimfiɗe. Sai wasu dogayen inuwoyi a kansa, a tsaye, sahu-sahu, suna tafiya.

Kifi ba ya tafiya a tsaye.

Ƙarar ta taɓa su. Suka tsaya cak. Suka ɗago kai.

"Kashe," Kawu ya raɗa masa.

Ya kashe. Allon bai mutu ba.

Ƙwas. Ƙwas. Daga ƙarƙashin jirgi, daidai tafin ƙafarsa.

Kawu ya watsa garin yangonarsa a ruwa, yana ba da haƙuri. Ya murɗa inji. Jirgi ya ƙi motsi, kamar akuyar da aka riƙe wa ƙafa. Can aka sake shi.

Washegari Peniasi ya juya aikin zuwa tataccen fayil, wanda ofis ke karɓa: zurfi zalla, ba komai a tsakani. Taswira ta fito tas. Aka yaba, aka ba shi kujera.

Salanieta ce ta buɗe ɗanyen. Ta kira shi, ba wasan taubasantaka a fuskarta.

"Duba ƙarshen. Sauran sun wuce. Ɗaya ya bar sahu, ya biyo ka."

Peniasi ya sake fita awo, nesa da mashigar. Ga wanda ya bar sahun nan a ɗanyen fayil, tsaye ƙarƙashin jirgi. A fita ta gaba ya ƙara matsowa sama.

Peniasi bai ƙara taka jirgi ba. Yana nan a kujerarsa, taga na kallon teku. Kullum da safe yakan ga Salanieta ta kwance igiya tana dariya da Kawu, ta fita abinta, babu mai bin ta. Wallahi bai taɓa jin hassadarta kamar yanzu ba.